Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Fari a Doha

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Kowacce ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Malama, ya Katar ɗin?" Na maimaita labarin nan har muryata ta dishe, kuma na lura abin da kowacce take son ji daban ne. Wata ƙwallo, wata gwal, Hajiya Lami kuwa so take ta san ko da gaske babu sauro. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda.

Da farko dai, ni ba yawon buɗe ido na je ba. Babban yarona, ɗan farina, injiniya ne a can. Rabona da shi tun kafin korona. Annoba ta rufe hanya, ya kasa zuwa gida, har matarsa Rukayya ta haihu muka yi suna ta waya. Sai wata Talata da hantsi Rukayya ta kira ni tana kuka. Ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, an yi masa tiyata, kuma bai farka ba. Na ce likitoci me suka ce? Ta ce sun ce ba su sani ba ko zai farka.

Ƙaninsa Nura ya shiga neman mini biza, sai ya dawo da labari mai ban haushi. Gasar cin kofin duniya ta ƙarato, a kwanakin nan ba mai shiga ƙasar da sunan ziyara sai wanda yake da tikitin kallon ƙwallo. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, in yara suna ƙwallo tagar ofis nake rufewa, ni ce aka saya wa tikiti. Na ce ko na dambe ne a saya, in dai zai kai ni.

Daga Zariya muka kama hanyar Kano bayan sallar asuba. Ban ga komai a hanya ba, carbi kawai nake ja. Jakata cike da kuka da daddawa da yaji, a hannuna kuma babbar gora ta rubutu da limamin unguwarmu ya yi wa mara lafiya. A filin jirgi aka tsayar da ni.

"Hajiya, ruwa ba ya wucewa," in ji jami'in.

"Ɗan nan, ba ruwa ba ne, rubutu ne."

"Na gane, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Amma doka ce. Ko ki bar shi nan, ko ki shanye."

Ayar Allah dai ba za a jefa a kwandon shara ina tsaye ba. Na yi bisimilla, na yi niyyar Allah ya kai ladan inda ya dace, na kafa kai. Da na kai rabi numfashina ya ɗauke. Wani bawan Allah da ke bayana, sanye da rigar ƙwallo, ya ce, "Mama, kawo in taya ki," ya shanye sauran. Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a. A jirgi kuwa kujerar taga aka ba ni, samari biyu 'yan Jos suka sa ni a lungu. Sau huɗu ina tashin su don in zaga. Da suka ji dalilin tafiyata, ɗayan ya bar mini kujerarsa ta bakin hanya, suka kuma rage gardamar da suke yi a kan Sanagal da Maroko, tunda mu Najeriya ba mu ma samu zuwa ba.

Filin jirgin Doha ya cika da mutanen da ban taɓa ganin irinsu ba. Wani ya shafe fuska da fenti, wani ya ɗora malafa mai faɗin faifai, ana kaɗa ganga a cikin gini. Jami'ar da ta karɓi fasfona, wata yarinya cikin baƙar abaya, ta tambaye ni da Turanci wane wasa na zo kallo. Na juya tikitin nan gaba da baya, ban san ko su waye za su buga ba. Sai na gaya mata gaskiya, na ce asibiti na zo, ɗana ne ba lafiya. Ta ɗago ta dube ni, ta yi masa addu'ar samun sauƙi da Larabci, ta buga hatimi, ta kira wani ya ja mini jaka har waje.

Gidansu yana unguwar Al-Sadd, a hawa na tara. Gida ne mai kyau, amma ni na ƙuntata. Ba tsakar gida, ba inda za ki shanya zane, sanyin na'ura kuwa har cikin ƙashi. Da safe na ce wa Rukayya bari in shiga in gai da maƙwabta, kada su ce baƙuwa ta zo ba ta da tarbiyya. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, shekararmu huɗu a nan, ban san sunan na kusa da mu ba." Na ce to in mutuwa aka yi fa? Nan take na ji haushin bakina.

Asibitin na koyarwa ne, ƙato, sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗai ya fi wani babban asibitin namu girma. A ƙofar ɗakin masu tsananin jinya akwai tebur, ba mai shiga sai ya faɗi sunan wanda ya zo dubawa. Ranar ma'aikaciyar sabuwa ce, ba ta san Rukayya ba. Ta dube ni ta ce, sunan mara lafiya? Na juya na dubi Rukayya. Rukayya ta sunkuyar da kai. Ku dai kun san abin da ke nan. Ni ban taɓa faɗin sunan yaron nan ba tun da na haife shi, ita kuma ba za ta kama sunan mijinta a gaban uwarsa ba. Muka tsaya cirko-cirko, layi yana ƙaruwa a bayanmu, wani yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri. Ma'aikaciyar ta fara kallonmu da alamar zargi: mata biyu sun zo duba mutum, ba wadda ta san sunansa.

Sai muka ji dariya daga gefe. Wani dattijo ne mai tura gadon marasa lafiya, da furfura a gemu. Ya ce da Hausa, "Hajiya, ɗan fari ne, ko?" Ya karɓi katin da ke hannun Rukayya, ya karanta wa ma'aikaciyar sunan, ya yi mata bayani. Malam Isiyaka ke nan, mutumin zangon Kumasi, ya daɗe a sashen. Hausarsa irin ta Gana ce, da ni da Rukayya duk "kai" yake ce mana. Da farko abin ya tsaya mini a rai, daga baya na saba.

Ba zan iya kwatanta muku yadda na same shi ba. An aske rabin kansa, bututu a baki, na'ura ce ke yi masa numfashi. Na tsaya daga ƙafar gado na yi addu'a na tofa. Ban taɓa shi ba. Kwana uku haka nake yi: in shiga, in tsaya daga nesa, in tofa addu'a, in fito. Haka aka koya mini son ɗan fari. Yana da shekara biyu aka yaye shi aka kai wa kakarsa, ita yake kira Inna, ni kuma Yaya. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa in ce "yaron nan". Ranar aurensa ma ɗaki na shige na rufe.

Ɗakin jira na mata shi ne majalisarmu. Akwai wata Balarabiya 'yar ƙasar, dattijuwa, mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Kullum tana zuwa da butar gahawa da dabino tana raba wa kowa. Ɗan ƙoƙon da suke sha da shi bai fi murfin kwalba ba, ina shanyewa in miƙa mata sai ta sake cikawa. Ni a ganina ƙin karɓa rashin kunya ne, ita a ganinta daina zubawa rowa ce. Sai da na sha bakwai, zuciyata na bugawa fat-fat, kafin wata 'yar Sudan ta nuna mini cewa girgiza ƙoƙon ake yi in an ƙoshi.

Wannan Balarabiyar ce ta tambaye ni sunana. Na faɗa. Ta ce a'a, ba wannan ba, "Ummu wa?" Ashe su a can ba a kiran mace mai 'ya'ya da sunanta, da sunan babban ɗanta ake kiranta, kuma girma ne. Ita kanta ta buga ƙirji ta ce ita ce Ummu wane, tana murmushi. Da ɗan Larabcin Islamiyya da na haɗa da nuni da hannu na yi mata bayanin cewa mu ba ma faɗi. Ta zaro ido ta ce, "Ya yi miki laifi ne?" Na ce a'a, kunya ce. Ta ce, "Kunyar me?" Sai kawai na miƙa mata ƙoƙona ta sake cikawa.

A kwana na huɗu likitar da ke bin sa ta nemi ganina. Na yi sa'a 'yar gida ce, Dakta Binta, Bakatsiniya, tana ƙwarewa a tiyatar ƙwaƙwalwa ƙarƙashin wani tsohon farfesa. Ta durƙusa ta gaishe ni da farar rigarta, abin da ya sa na ji hawaye. Maimakon ta kai ni ofis, sai ta bi da ni ta wani dogon baranda da aka jera hotuna.

Ta nuna mini hoton farko, ya koɗe. Wasu 'yan gadaje ne a ƙuryar sashen tiyata, da likita guda tsaye. Ta ce da haka sashen ya fara. A lokacin, wanda ya samu matsalar ƙwaƙwalwa, in yana da hali a ɗauke shi zuwa Turai, in ba shi da shi a yi abin da ya sawwaƙa. Leburan da ya faɗo daga bene ba ya cikin masu zuwa Turai. Waɗanda suka kafa sashen suka ƙudura cewa a nan za a riƙa yi wa kowa aiki, da mai gari da baƙo, kuma duk likitan da ya iya abu dole ya koya wa na bayansa. Likitan da ke tsaye a hoton, da baƙin gashi, shi ne farfesan nata. Ta ce har yau ba ya yarda a yi aiki babu ɗalibi a gefensa, kuma duk mako sai ya tara su, har da masu jinya da masu gashin ƙashi, a tattauna abin da aka yi daidai da wanda ba a yi ba.

Muka zo hotunan lokacin korona, kowa a lulluɓe ba a gane fuska. Ta ce a watannin nan an hana 'yan uwa shiga. Marasa lafiya suna kwance, 'yan ƙasashe daban-daban, ba mai yi musu magana da harshen da suka tashi da shi. Sai masu jinya suka fara kiran iyalai ta waya suna kara wa marasa lafiya a kunne, ko da ba su cikin hayyacinsu. Da aka buɗe ƙofofi, sashen bai bar abin ba, ya mai da shi cikin aikinsa.

Sannan ta tsaya ta fuskance ni.

"Mama, zan gaya miki gaskiya. Aikin ya yi kyau, kumburin yana raguwa, mun janye maganin barci. Amma in mun ce ya matse hannu ba ya matsewa. In aka kai ƙarshen mako a haka, dole mu huda masa maƙogwaro mu sa bututu a nan, a mai da shi ɓangaren masu doguwar jinya. Wasu suna tashi daga can, wasu suna daɗewa ƙwarai."

"To me zan yi, 'yar nan?"

"Ki matso kusa da shi. Ki riƙe hannunsa, ki kira sunansa. Ba na ce miki magani ba ne, ba kuma na yi miki alkawari. Amma mutum ya fi juyowa ga sunansa a bakin nasa."

"Ai matarsa tana yi."

"Tana yi in kin fita. Mama, ni ma 'yar fari ce, na san abin da nake roƙon ki."

Na ce mata zan duba. A raina kuwa haushi na ji. Yarinyar da na haifi wanda ya girme ta za ta koya mini yadda ake uwa?

Ranar Malam Isiyaka yana tashi daga aiki da azahar. Ya ga ban ci komai ba, ya ce wallahi sai ya kai mu inda za mu ci abincin mutane. Muka shiga tasi zuwa unguwar Najma. Can ne na ga gari: shaguna a cushe, wanki a kan tagogi, maza sun yi layi a wuraren aika kuɗi gida. Wata 'yar uwarsa tana dafa wa 'yan zango abinci, ta zubo mana shinkafa da wake irin tasu mai ja-ja, da wani baƙin yaji mai kifi da ya sa ni neman ruwa. Na ba ta daddawa da kuka, ta rungume ni kamar na ba ta zinariya.

Muna ci na ba shi labarin abin da likita ta ce, ina jiran ya goya mini baya, tunda dattijo ne. Ya ajiye cokali.

"Hajiya, lokacin ciwon nan ni na riƙe waya ma wani yaro. Uwa nashi na gida, yana kira suna nashi, yana kira, har waya ya mutu. Uwa ɗin ya samu hanya ya zo? Bai samu ba. Kai Allah ya kawo ka har bakin gado, ka tsaya wajen ƙafa. Wa zai gan ka a nan? Zariya na nan ne?"

Rukayya ta tashi ta ce za ta wanke hannu. Ban ƙara cin komai ba.

Washegari da safe na ce wa Rukayya ta jira ni a waje. Na ja kujera zuwa wajen kansa. Na ɗauki hannunsa, na ga ashe yatsunsa irin na mahaifinsa ne, ban taɓa lura ba. Na buɗe baki in kira sunansa. Na ce "kai". Na ce "yaron nan". Wata mai jinya 'yar Filifin tana gyara ƙarin ruwa, ta dube ni ta yi murmushi, ta ja labule ta bar mu. Na sunkuya daidai kunnensa. Ko yanzu da zan rubuta, sai da na ajiye biro na sake ɗauka.

Na ce, "Sulaimanu."

Ba abin da ya faru. Na'ura ta ci gaba da ƙararta. Amma ni wani abu ya kwance mini a ƙirji, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kira ni a waya. Na yi ta kira. Na gaya masa ranar da aka kai shi gidan kakarsa na bi bayansu har bakin zaure na laɓe. Na gaya masa duk sakamakon jarrabawarsa da na yi kamar ban duba ba, suna nan a ƙasan akwatina. Ranar har la'asar ina magana, kashegari ma haka, bai motsa ba.

A rana ta uku farfesan ya zo zagaye da ɗalibansa. Tsoho ne ɗan siriri, ya gaishe ni da hannu a ƙirji. Ya yi wa mara lafiya magana da Turanci, shiru. Dakta Binta ta yi da Hausa, shiru. Sai tsohon ya matsa gefe, ya nuna mini wurinsa. A gaban mutum goma sha, har da maza, na kama hannun na ce, "Sulaimanu, Yaya ce. In kana ji na, matse hannuna."

Ya matse.

Farfesan ya ce in sake, kada ya zama motsin jiki ne kawai. Na ce ya saki, ya saki. Na ce ya matse, ya matse. Tsohon ya juya ga ɗalibansa yana yi musu bayani, ya ce khalas, wato shi ke nan, a fasa huda maƙogwaron, a jira. Dakta Binta tana rubutu tana share ido da gefen hannu. Bayan kwana biyu aka cire bututun.

Ni ban ce kirana ne ya tashe shi ba. Allah ne ya tashe shi, ta hannun mutanen da suka buɗe kansa suka gyara, da waɗanda suka yi ta juya shi suna goge shi ba tare da sun san ko ɗan waye ba. Na gode musu, kuma ban san yadda zan biya su ba sai da addu'a. Da labari ya kai ɗakin jira, Balarabiyar nan ta rangaɗa guɗa irin tasu har mai gadi ya leƙo. Wasan da aka saya mini tikitinsa kuwa, sai bayan an buga shi da kwana biyu na tuna.

Maganarsa ta daɗe ba ta dawo ba. Kullum wata mata tana zuwa da hotuna tana nuna masa yana faɗin sunayensu, wani yana kama shi yana koya masa taku. Ƙafar hagu har yanzu yana ja, kuma ba a san ranar komawarsa aiki ba. Amma ya ɗauki 'yarsa, ya kuma ci tuwo da miyar kukar da na kaɗa da hannuna.

Ranar da zan taho na je sallama. Yana zaune a kujera kusa da taga, Rukayya tana haɗa masa shayi. Na tsaya daga bakin ƙofa yadda na saba, na ce, "To, kai, ni zan koma. Allah ya ƙara sauƙi." Ya yafito ni da hannu. Maganarsa a hankali take fita, kalma ɗaya-ɗaya.

"Yaya, na ji ki fa. Tun ranar farko."

"To me ya hana ka amsawa, ka bar ni ina ta zuba?"

"Na ɗauka na mutu ne," in ji shi. "Na san a duniya ba za ki kira ni ba."

Rukayya ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ni kuwa na ajiye jakata a ƙasa, na ƙarasa inda yake, na dafa kansa daidai inda gashi ya fara tsirowa a kan ɗinkin.

Na ce, "Kana duniya, Sulaimanu."